Tadbiri da Taƙdiri a Fagen Tubala Masu Faɗowa

Abul Hasan Al-Mas'udi, masanin tarihin nan haifaffen Bagadaza wanda ya rasu a Masar a shekara ta 956, ya kawo a cikin littafinsa Murujuz Zahab cewa wani daga cikin masu ilmin kalami na Musulmi ya dubi wasanni biyun da suka fi shahara a zamaninsa, watau nardu da shaɗaranji, ya hukunta cewa wanda ya ƙago na farko Bajabare ne, mai ganin bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, wanda ya ƙago na biyu kuwa ra'ayin Mu'utazilawa gare shi, masu cewa bawa shi ke samar da aikinsa da ikon kansa. Hujjar mutumin a sarari take, gama mai nardu yana jefa ƙwayoyi biyu masu ɗigo, irin waɗanda yaranmu ke jefawa a ludo, abin da suka nuna kuma shi zai bi ko yana so ko ba ya so. Mai shaɗaranji kuwa ba abin da ke sauko masa daga wani wuri, dakarunsa da na abokin karawarsa duk suna shimfiɗe a gabansa, in ya ci da hankalinsa ya ci, in an cinye shi ba shi da wanda zai zarga sai kansa.

Ahlus Sunna, kamar yadda kowane almajirin tauhidi ya sani, ba su yarda da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu ba. Imam Abul Hasan Al-Ash'ari da mabiyansa sun tafi a kan cewa Allah Ta'ala shi ne Mahaliccin ayyuka, bawa kuma yana da kasabu, watau rabonsa na niyya da zaɓi wanda saboda shi ake ba shi lada ko a kama shi da laifi; kuma wannan mas'ala ta yi sirantar da har Larabawa suka mai da kasabun Ash'ari karin magana ga duk abin da ya yi wuyar ganewa. Tun da Jabariyya sun sami wasan da ke misalta ra'ayinsu, Mu'utazilawa ma sun sami nasu, na daɗe ina tambayar kaina ko akwai wasa na uku wanda almajiri zai duba ya ga ƙaddara da dabara suna tafiya tare a fage ɗaya, ba tare da ɗayansu ya kori ɗan'uwansa ba. Ina ganin akwai shi, kuma a unguwarmu ta Sauka Kahuta, a cikin garin Minna, na fara lura da haka.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar nan wajen shekarun 1990 ya san wata 'yar na'urar roba mai batir biyu, ƙirar ƙasar Sin, wadda aka rubuta wa Brick Game a goshi, aka kuma yi iƙirarin tana ɗauke da wasanni 9999, alhali galibinsu wasa ɗaya ne da aka sauya wa kama. 'Ya'yan waɗannan yaran ne yanzu ke zama a bencin masu cajin waya, gama ko da yake Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsar Kainji tun 1968 da ta Shiroro tun 1990, wuta ba ta zama a unguwanni irin tamu, sai janareta ya zama shi ne majalisar samari da yamma. Mafi yawansu wasan ƙwallon ƙafa suke bugawa. Amma a cikinsu akan sami ɗaya ko biyu, musamman ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke zuwa daga Bosso ko Gidan Kwano, waɗanda ke buga tsohon wasan tubalan nan a kwamfuta, suna karawa ta intanet da mutanen da ba su taɓa gani ba.

Sunan wasan Tetris, kuma wani masanin kwamfuta mai suna Alexey Pajitnov ne ya ƙago shi a Mosko a 1984, yana ma'aikacin cibiyar lissafi ta Majalisar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet, a kan wata na'ura da ake kira Electronika 60. Daga bisani kamfanin Nintendo na Japan ya sa shi a Game Boy a 1989, ya game duniya. Fagensa rami ne mai faɗin gida 10 da tsawon gida 20. Tubala suna faɗowa daga sama ɗaya bayan ɗaya, kowane tubali gida huɗu ne a manne, kuma siffofinsu bakwai ne ba ƙari, masu wasa na kiransu da haruffan boko da suka yi kama da su: I wanda yake miƙaƙƙe kamar sanda, da O mai kusurwa huɗu, da T, da L da J, da karkatattun nan biyu S da Z. Mai wasa yana da ikon juya tubali da matsar da shi dama ko hagu kafin ya sauka, amma ba shi da ikon zaɓen wanda zai zo, ba shi kuma da ikon hana shi saukowa. Layin da ya cika daga bango zuwa bango sai ya ɓace, wanda aka bar wa rami kuwa sai ya zauna, na sama su hau kansa, har ginin ya taɓa rufi wasa ya ƙare.

A tsohon tsarin wasan, na'ura tana jefo tubala ne kusan yadda ƙwayar nardu ke faɗuwa, ba alkawari ba tabbas. Masu lissafi sun bi diddigin wannan. John Brzustowski ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kansa a Jami'ar British Columbia ta Kanada a 1992, sa'an nan Heidi Burgiel ta tabbatar a 1997 cewa idan S da Z suka yi ta zuwa bi da bi na dogon lokaci, babu gwanin da zai tsira, komai saurin hannunsa da kaifin basirarsa. Kuma tun da irin wannan jeri ba mustahili ba ne ga na'ura mai jefa ƙuri'a, to wanda ya daɗe yana wasa ƙarshensa faɗuwa ne. Masu gasar duniya ta tsohon wasan, wadda aka fara a Amurka a 2010, wadda kuma marigayi Jonas Neubauer ya lashe sau bakwai, sun san azabar jiran sandar I, har suka laƙaba wa jinkirinta sunan fari, irin wanda ke kashe amfanin gona. Da a ce wasan ya tsaya a nan, da mai kalamin Mas'udi ya jera shi kusa da nardu ya wuce.

Amma daga wajen shekara ta 2001 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin wasan ya shimfiɗa sababbin ƙa'idoji, kuma a kansu ne maganata ta doru. Na farko, aka sa na'ura ta riƙa zuba siffofin nan bakwai a jaka ɗaya, ta girgiza, ta fito da su ɗaya ɗaya har su ƙare kafin ta buɗe wata jakar. Saboda haka kowace siffa tilas ta zo sau ɗaya a cikin kowane bakwai, kuma ba zai yiwu tubala fiye da 12 su shiga tsakanin sanda da sanda ba. Aka kuma ba mai wasa ma'ajiya, inda zai jingine tubali ɗaya tak ya ɗauko shi lokacin da ya so, aka buɗe masa taga yana hango biyar ko shida masu zuwa. Sa'an nan a wasan karawa, duk wanda ya share layuka da gwaninta sai a tura wa abokin karawarsa layukan tarkace daga ƙasa, su ɗaga gininsa zuwa rufi. Mafi girman bugu a nan shi ne share fage ƙaƙaf, watau mutum ya jera tubalansa ta yadda layi na ƙarshe zai ɓace ba a bar ko gida ɗaya a ramin ba. A Puyo Puyo Tetris, wanda ya fito a Japan a 2014, wannan kaɗai layi 10 yake aika wa abokin gaba, rabin tsawon fage ke nan a bugu guda. Da yake a farkon wasa ne fage yake wayam, jaka kuma sabuwa, sai gwanaye suka duƙufa kan tsara mabuɗan wasa, suna haddace su kamar yadda ake haddace matani.

Lissafin abin ba shi da wuya, kuma ina roƙon mai karatu ya bi ni a hankali, domin a cikinsa ne mas'alar take. Jaka ɗaya tubala bakwai ce, kowane gida huɗu, jimla gida 28. Layi kuwa gida 10 ne, 28 kuma ba ta rabuwa gida goma-goma. Hanyar da aka saba bi ita ce a cika layi huɗu, gida 40, tubala goma. Ke nan abin da ke cikin jakar farko ba zai isa ba, dole a nemi cikon uku daga jaka ta biyu. Ga kuma inda gizo ke saƙa: a lokacin da mai wasa yake aza tubalinsa na farko, tagarsa ba ta nuna masa ko ɗaya daga cikin jaka ta biyu ba. Yana kafa harsashi ne domin baƙin da ya san sunayensu duka, amma bai san wanda zai fara sallama ba.

Na ga yadda ake yi kusa da kusa, wata yamma bayan La'asar, a kwamfutar wani ɗalibi. Ya haɗa L da O da J a jikin bangon hagu suka zama dunƙule mai faɗin gida uku da tsawon huɗu, sumul kamar an sa magwaji. Ya jingina T da S da Z a bangon dama suna hawa kan juna kamar matakala. A tsakiya ya bar wani gurbi mai ban sha'awa, faffaɗa a sama, matsattse a ƙasa. Duk wannan bai ɗauke shi daƙiƙa uku ba, yatsunsa na dama a kan maɓallan kibiya, na hagu a kan na juyawa, idonsa kuwa ba a kan ginin yake ba, yana can gefe a kan taga. Sandar I ta zo masa da wuri, ga kuma gurbinta a buɗe a jikin dunƙulen hagu, amma sai na ga ya jefa ta ma'ajiya. Na ce, "Ɗana, ga wurinta a shirye, me ya hana ka aza ta?" Ya ce, "Baba, in na aza ta na rufe wa kaina ƙofofi. A bar ta sai na ga abin da ya zo." Wannan mabuɗi shi ne wanda masu wasa ke kira PCO a taƙaice.

Maganar yaron tana da hujja ta lissafi, kuma an ƙidaya ta. Tubala huɗun farko na jaka ta biyu suna iya zuwa ta hanyoyi 840, watau bakwai sau shida sau biyar sau huɗu. Wanda ya gaggauta aza sandar ya kammala gininsa da tubala bakwai, zai iya share fage a hanyoyi 514 daga cikinsu, kimanin kashi 61 cikin ɗari. Wanda ya riƙe ta a ma'ajiya ya bar gininsa da giɓi, zai iya a hanyoyi 711, kusan kashi 85 cikin ɗari. Tubalan ɗaya ne, siffar ginin ɗaya ce, hannun ma ɗaya ne, amma jinkirta hukunci a kan tubali guda ya buɗe ƙofofi 197 da gaggawa ke rufewa. Hanyoyi 129 kuwa sun rage waɗanda babu dabarar da za ta fid da wannan mabuɗin a cikinsu.

Shehu Muhammadu ɗan Yusufu As-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma aƙidarsa Ummul Barahin ta daɗe ana karanta ta a zaurukan malaman ƙasar Hausa, ya fara ta ne da raba hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, kuma a sharhinsa ya bambanta hukuncin hankali da hukuncin al'ada. Almajirai kan sha wuya wajen rarrabe waɗannan biyun, ga shi kuwa wasan nan ya ajiye su gefe da gefe. Ka ɗauki siffofin bakwai ka ce za ka jera su su zama fili mai kusurwa huɗu, huɗu sau bakwai: ba za ka iya ba har abada, domin in ka shafa wa gidajen baƙi da fari bi da bi za ka sami 14 da 14, kowace siffa kuma tana rufe biyu baƙi biyu fari, in ban da T wadda ke rufe uku da ɗaya, sai jimla ta tashi 15 da 13. Wannan mustahili ne na hankali, Pajitnov da kansa ba shi da ikon sauya shi. Amma cewa kowace siffa za ta zo sau ɗaya a cikin bakwai, wannan al'ada ce da mai tsara wasan ya gudanar. Jiya ba haka take ba, gobe yana iya janye ta. Duk da haka, a kan wannan al'adar ce mai wasa ke gina tadbirinsa gaba ɗaya, kuma ya yi daidai, kamar yadda mu ma muke gina rayuwarmu a kan cewa wuta tana ƙuna, abinci yana ƙosarwa, damina tana bin bazara, alhali mun yi imani cewa Wanda ya gudanar da su ba a ɗaure yake da su ba. In da babu al'ada mai gudana, da tadbiri ya zama wauta, da kuma umarnin a yi aiki ya zama kallafa wa bawa abin da ba zai iya ba. Shi ya sa tsohon wasan, wanda ba shi da jaka, ba shi da mabuɗan share fage da ake haddacewa.

Hujjatul Islam Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya raba sabubba gida uku a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u: waɗanda aka tabbatar da sakamakonsu, da waɗanda ake kyautata zato a kansu, da waɗanda wahami ne kawai. Ya nuna cewa barin na farko hauka ne, ba shi da alaƙa da tawakkali, kutsawa cikin na ƙarshe kuwa shi ke rushe tawakkali. Na tsakiyan nan su ne filin rayuwar yawancinmu, su ne kuma filin mabuɗin wasa. Abin da lissafin 514 da 711 ya koya mini, wanda ban ga an cika faɗarsa ba a wa'azin da ake yi kan tawakkali, shi ne cewa tadbiri kansa hawa-hawa ne, kuma ana gane mai kyau da yawan ƙaddarorin da zai iya karɓa ba tare da ya rushe ba. Akwai mai shiri wanda ke kulle kowace ƙofa sai ɗaya, ya zauna yana jiran duniya ta shigo ta nan; ga ido ya fi kowa himma, amma a haƙiƙa ya shar'anta wa gaibu abin da zai kawo. Akwai kuma wanda ke aikinsa cikakke, sa'an nan ya riƙe wani abu a hannu domin ya san iliminsa ya tsaya a bakin jakar farko. Manomin Paiko ko Kuta da ya san halin ruwan farko ba ya zuba irinsa duka a ranar, yakan rage wani a rumbu ko sama za ta ɗauke. Wannan ragin, a ganina, shi ne wurin da tawakkali ke shiga cikin jikin aiki tun ana tsara shi, maimakon ya zama kalmar da ake furtawa bayan an gama ko bayan an faɗi. Hadisin mai raƙumi da Imam Tirmizi ya ruwaito ya umarci a haɗa ɗaure raƙumi da dogaro ga Allah, kuma mutane da yawa sun fahimce shi kamar abubuwa biyu ne a jere, a yi wannan sa'an nan a yi wancan. Ni kuwa ina ganin yadda mutum ya yi ɗaurin ma yana nuna ko mai dogaro ne.

Sai hanyoyin nan 129, waɗanda su ne suka fi damuna, domin a nan ne nake ganin samarinmu suna rabuwa gida biyu irin na Mas'udi ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Wani in ya faɗi sai ya ce na'ura ce ta zalunce shi, alhali jerin da ya zo masa yana cikin 711, mafita tana nan, shi ne bai hardace ta ba ko ya yi garaje. Ya ɗora wa ƙaddara abin da sakacinsa ne. Wani kuma in ya faɗi sai ya hau kansa da zargi, ya yi ta maimaita wasan a zuciyarsa yana neman inda ya kuskure, alhali jerin yana cikin 129, ko wane ne a kujerar ba zai share ba. Na farko ba zai ƙaru ba domin ba ya ganin laifinsa, na biyu kuwa zai ƙone domin yana ganin laifin da babu shi, kuma na san magidanta a unguwar nan da kasuwa ta karye musu ko ɗa ya lalace musu waɗanda ke cikin ɗayan halayen nan biyu shekara da shekaru. Ilmin da ke raba su shi ne sanin iyaka tsakanin abin da aka ɗora maka da abin da ba a ɗora maka ba. A wasa ana iya ƙidaya wannan iyaka da kwamfuta. A rayuwa ba a iyawa, shi ya sa shari'a ta tsaya a kan niyya da ƙoƙari, har ta ba mujtahidin da ya kuskure lada.

Wajibi ne in ja linzamin misalin nan kafin ya wuce gona da iri. Jakar wasa makauniya ce, ba ta san mai wasa ba, ba ta nufinsa da alheri ko sharri, kuma wanda ya tsara ta bawa ne kamarmu. Ƙaddarar Allah kuwa da ilmi take da hikima da rahama, kuma Allah ya ɗaukaka daga a kamanta shi da wani abu. Abin da misalin ke haskakawa gefen bawa ne kaɗai, watau halin wanda aka umarta ya yi aiki alhali an ɓoye masa abin da ke zuwa.

A ƙarƙashin itatuwan unguwar, nesa kaɗan da hayaniyar janareta, dattawa suna da nasu ilmin mabuɗi wanda ya girme Tetris nesa ba kusa ba. Dara gurbi 30 ce, biyar sau shida, kowane mutum da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa wancan da tsinke. Kafin a fara tafiya sai an zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma yarda a jera uku a lokacin zubi ba. In an gama, gurabe shida ne kawai ke saura wayam, kuma duk gwanin dara ya san a wurin zubin nan ake cin wasa ko a rasa shi, domin wanda ya cushe 'ya'yansa bai kula da inda guraben nan shida za su faɗa ba, zai wayi gari dara ta ci gida. Sai dai dara 'yar'uwar shaɗaranji ce, babu gaibu a cikinta sai zuciyar abokin karawa. Wasan tubala ya ƙara mata abin da ke saukowa daga sama ba da shawarar kowa ba.

Na san mai karatu almajiri zai ce, ina hukuncin wasan kansa? Risalar Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, wadda muka tashi a kanta, ta hana wasa da nardu da shaɗaranji duka, Imam Malik ya ƙi shaɗaranji, Shafi'iyya kuma sun tsaya a kan karhanci muddin babu caca, ba a tozarta salla ba, harshe kuma ya kuɓuta daga alfasha. Fatawa a kan sabon wasa aikin malamai ne. Abin da na gani da idona shi ne cewa hatsarin wannan wasa yana wurin lokaci, gama an tsara shi ne ta yadda ba shi da wurin tsayawa, kuma ɗalibin da ya ce bari ya buga ɗaya kafin Magariba yana iya ɗaga kai ya tarar an idar da Isha'i. In kuwa kuɗi ya shiga tsakanin masu karawa, to magana ta ƙare, ya koma caca, wadda shagunanta suka riga suka yi wa samarin Minna illa mai yawa. Ban rubuta wannan domin in kira kowa zuwa ga wasa ba. Na rubuta ne domin yaranmu suna cikinsa, kuma malamin da ya san abin da ke hannun ɗalibinsa ya fi samun hanyar shigar da mas'alar ƙaddara cikin zuciyarsa fiye da wanda ya tsaya daga nesa yana tsawa.

Shehu Ibn Aɗa'illah na Iskandariyya, mai littafin Hikam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya wallafa littafi sukutum a kan zubar da tadbiri, mai suna At-Tanwir, kuma masu karatun gaggawa sukan zaci yana kiran mutane su naɗe hannu ne. Alhali shi da kansa ya raba tadbiri zuwa abin yabo da abin zargi, ya kuma ba da labarin yadda ya so ya bar karantarwa ya keɓe, shehinsa Abul Abbas Al-Mursi ya umarce shi ya zauna inda Allah ya tsayar da shi. Tadbirin da yake yaƙa shi ne na zuciyar da ta rataya natsuwarta a kan sakamako ɗaya. Gwanayen wasan tubala, ba da sanin littafin ba, sun isa ga wani abu mai kama da wannan ta hanyar gwaji, domin ba sa ɗaukar mabuɗi da daraja sai sun tambayi abin da zai zama in bai ci ba. Wanda ya hango a taga cewa jerin da ke zuwa yana cikin 129 ba ya tsayawa jayayya da shi; nan take yake sauya niyya, ya mai da ginin nan mai tsafta harsashin wani bugu, ko ya share layukan da suka samu ya ci gaba, domin abokin karawa ba ya jira, tubali na gaba kuma ya riga ya fara saukowa.

Wanda ya yi nasara ma bai huta ba. Share fage na farko ya cinye tubala goma, watau jakar farko duka da uku daga ta biyu, saboda haka fagen ya koma wayam amma jakar ba sabuwa ba ce, saura huɗu a cikinta, kuma mabuɗin da ya haddace ɗazu ba zai yi masa aiki ba yanzu. Shara ta biyu tana da nata tsare-tsare dabam, gwargwadon huɗun da suka rage, ta uku tana farawa da ragowar tubali ɗaya, haka kowace da irin ragowar da ta gada daga wadda ta gabace ta. Sai an yi shara bakwai a jere, tubala 70, jaka goma cif, kafin ƙarshen shara ya sake dacewa da ƙarshen jaka, mai wasa ya koma ga mabuɗinsa na farko.